Wayar Surukina da Ƙusoshin 'Yan Jere

Assalamu alaikum Inna Sadiƙa. Don girman Allah ki taimake ni, ki sa wasiƙar nan a gaban sauran, domin tawa matsalar tana da rana: saura kwana goma sha tara. Ni magidanci ne a nan Garwa, shekarata arba'in da ɗaya, sana'ata shinkafa, ina sarowa daga Maga da Yagwa ina sayarwa a babbar kasuwa. Duk sunayen da za ki gani na sauya su. Na surukina ne kawai ban sauya ba, ban ma rubuta ba, don shekara goma sha huɗu ina auren 'yarsa bakina bai taɓa furta shi ba, kuma ba a kan takarda zan fara ba. Alhaji kawai zan ce.

Bari in fara gaya miki ko wane ne Alhaji, kada ki ɗauka ƙararsa na kawo. Mutumin kirki ne na ƙarshe. Mahaifiyarsa Bafulatana ce, saboda haka kunya biyu ya gada, ta Hausa da ta Fulani, ni kuma ga tawa. In muka haɗu ina durƙushe ina kallon takalmansa, shi yana kallon bishiya. Wallahi na san takalman Alhaji fiye da yadda na san fuskarsa. Shekara talatin da biyu ya yi yana riƙe da makullin sito a wani kamfani, shi ke miƙa wa masu aikin lantarki waya da filaya su sa hannu. Daga wannan miƙon ne ya tabbatar wa kansa ya iya aikin. Da ya yi ritaya ya kwance fanka biyu a masallacin unguwarsu, ɗaya ta tashi, tun daga ranar ake ce masa Alhaji Teknisiye, wato gwanin gyara.

Bara waccan na gina gida a unguwar Jambutu. Da aka zo jan wuta, har na yi magana da mai aiki, sai matata Nafisatu ta shigo tana ta fara'a, wai Babanta ya aiko: gudummawarsa ga ginin ita ce shi zai ja mana kuran, wato wutar lantarki, da hannunsa, waya ma ya riga ya saya. Inna, me zan ce? Na ce Allah ya saka da alheri. Lokacin girbi ne, na tafi Maga kwana goma sha ɗaya. Na dawo na tarar an gama, an shafe bango, har an fara fenti. Na tambayi maginina Ishaku yaya aikin Alhaji ya tafi. Ya cire hula ya sosa ƙeya, ya ce shi dai siminti aka ce ya yaɓa, kuma ya yaɓa. Daga baya na ji cewa mai shagon kayan wuta ya so ya haɗa wa Alhaji da bututun robar nan da ake zura waya a ciki, wanda suke kira gen, Alhaji ya ƙi. Wai a zafin Garwa waya gumi take yi a cikin bututu, kuma bututu gidan kyankyasai ne. Wai siminti ne ke sanyaya waya yadda randa ke sanyaya ruwa. Ranar da na ji bayanin nan, Allah ya sani har ya yi mini ma'ana.

Wuta ta kawo, komai ya kama, muka yi fiye da shekara lafiya lau. Duk baƙuwar da ta shigo, kafin a ba ta ruwa sai Nafisatu ta kunna mata fitila ta kashe, ta gaya mata aikin Babanta ne. Alhaji kuwa ba wanda bai ji labari ba a sahun gaba na masallacinsu. Duk Juma'a bayan an sauko yana zuwa cin abinci da jikokinsa, kuma kafin ya zauna sai ya zaga gidan yana shafa bango da tafin hannu.

To, watan jiya, ranar Lahadi da hantsi, Nafisatu ta kwashi yara suka tafi suna a unguwar Lopere. Na ce bari in rataye agogon bangon da Alhaji ya kawo mana tsaraba daga Umara, wata huɗu yana cikin kwali. Na samo ƙusar siminti, na zaɓi wuri mai kyau a falo. Bugu ɗaya, bugu biyu, a na uku sai fau! Abin da na sani kawai wani haske shuɗi da ƙara, sai ga ni zaune a ƙasa, guduma tana can bakin ƙofa. Ƙotarta ta itace ce, kuma a bugu na ukun na riga na saki ƙusar, shi ke nan abin da ya raba ni da likkafani. Na yi kalmar shahada sau uku, na taɓa kaina na ji yana nan. Rabin ƙusar ya narke, bango ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Kin san abin da ya fara zuwa mini a rai? Ina jin kunyar faɗa. Ban tuna yara ba, ban tuna kabari ba. Cewa na yi: wayyo, in Alhaji ya ga baƙin nan fa?

Na buga wa Édouard waya, mutumin Poli ne, shi ke mana gyaran wuta a kasuwa, takardar shaidar aikinsa a hannu. Ya zo a babur, ya kashe wuta daga ƙofar gida, ya ɗan fasa wurin, ya haɗa wayar a cikin wani ɗan akwati, ya ce wannan na wucin gadi ne. Sannan ya fito da wata 'yar na'ura mai kuka in ta zo kan waya, ya riƙa bin bango da ita yana ja da alli. Da Hausa ya fara yi mini bayani a zaure. Muna shiga falo ya koma Fulatanci. Kafin mu kai ƙarshe ba abin da ke fita daga bakinsa sai Faransanci, irin wanda ma ba a koya mana a makaranta ba.

Ashe ba ƙaramar waya na soka ba. Uwar wayar ce, wadda ta taso daga kontar, mitar nan da ke ƙofar gida, ta nufi tablo, akwatin ƙananan makunnai da ke lungun ɗakuna. Kuma ga inda abin yake, Inna. Alhaji gajere ne, gwiwa kuma ta hana shi hawa tsani. Saboda haka yana tsaye a ƙasa ya sassaƙe bangon, daidai inda hannunsa ya kai. Wato daidai inda duk wani ɗan Adam zai rataye agogo, ko madubi, ko hoto. Layin ma bai miƙe ba. Édouard ya nuna mini inda Alhaji ya fara da ƙarfin karin kumallo, layin yana sama. Ya nuna mini inda kafaɗa ta gaji, layin ya gangaro. Akwai wani wuri da ya sauko har ƙirjina, Édouard ya ce a nan an kawo wa tsoho kujera. Simintin da ke kan wayar bai kai kaurin yatsa ba, ba bututu, ba ƙarfe, ba komai. Ya ce makunnan cikin tablo ba su san da wannan wayar ba, don a bayanta suke, babban makunni na wajen kontar kuma sai waya ta kusa ƙonewa yake faɗuwa, ba ruwansa da mutum. Ya ce a bar wayar nan a ja sabuwa, aikin kwana uku ne.

Na roƙe shi ya goge allin. Ya ƙi, ya ɗauki hoto da wayarsa. Ni na goge da jiƙaƙƙen tsumma, ina gumi ina leƙen ƙofa. Ya taimaka mini da abu ɗaya dai: ya buga ƙusa can kusa da silin inda na'urarsa ta yi shiru, muka sauko da agogon da igiya har ya rufe wurin. Da Nafisatu ta dawo ta tambayi dalilin da agogon Babanta ke reto kamar guga, na ce haka ake yayi yanzu a Duwala.

Tun daga ranar na zama mai gadin bango. Gudumar gidan tana can ƙarƙashin buhunan shinkafa a kasuwa. In na ga ƙusa a tsakar gida sai in tsince in sa a aljihu, yanzu aljihuna duk sun huje. Nafisatu ta so rataye madubi, na ce madubi ya fi nuna mutum in an jingine shi a ƙasa. Ta so rataye kalanda, na ce ni zan riƙa gaya mata kwanan wata. Rannan maƙwabciya ta soma daka, na fito daga wanka da kumfa a kunne ina ihun wa ke buga bango. Yanzu matata ta fara sa mini rubutu a kunu, ta gaya wa ƙawarta tana jin wani abu ya shafe ni a bakin tafkin Maga.

Duk wannan da zan iya jurewa har tsufa. Abin da ya sa na rubuto shi ne auren ƙanena Mahfuzu. Ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu, kuma na ba shi sashen da ke jikin falo ya zauna da amaryarsa. Wayar nan ta ratsa bango biyu na ɗakin amaryar, saboda Alhaji ya kewaye ƙofa da ita. Nan da kwana goma sha tara za a zo jere. Dangin amarya 'yan kasuwar Kuseri ne, kuma mai jagorantar jeren ƙanwar mahaifinta ce, Gwaggo Halime. Ko kin taɓa jin labarinta? Ba ta kiran kafinta, wai maza ba su da ido. Da jakarta take zuwa, da gudumarta, da ƙusoshin siminti, bara kuma ɗanta ya aiko mata da injin huda bango daga Njamena. Na taɓa ganin aikinta a wani gida a Yelwa. Labule a kan labule, madubai, furannin roba, kantar kwanuka, agogo uku kowanne da lokacinsa. Ba inda za ka sa tafin hannu a bangon. Da aka zo gaisuwar iyaye na saci kallonta. Inna, tsayinta ɗaya da Alhaji.

Kin fi ni sanin jere. Namiji ba ya shiga, sai dai ya ji guɗa da bugu daga waje. In na aika cewa kada a taɓa bango kaza da kaza, an ci mutuncin dangin amarya ke nan, za a ce yayan ango ya raina kayansu, ko yana ƙyashin bangonsa. In na faɗi dalili, mata talatin ne za su ji, kafin la'asar labari ya kai Kuseri ya dawo, Alhaji ya daina iya zama a sahun gaba.

Ba zama na yi ba, na gwada. Na tura abokina Abdussalam wurin Alhaji, mai baki ne, shi ke shiga tsakani in an yi rigima a kasuwa. Muka shirya zai fara da yabon aikin, sannan ya karkato a hankali. Awa guda yana yabo. Tsoho ya yi ta share ƙwalla, Abdussalam ya rasa ta inda zai karkato, ya yi sallama ya fito. Abin da aka samu shi ne Alhaji ya yi alkawarin ja mini wuta a siton shinkafa ma bayan salla, har ya sayi wayar. Na kuma yi tunanin in kashe wutar gidan ranar jeren. Édouard ya ce to sai ƙusa ta shige cikin waya shiru, ta jira in kunna, amarya ta zo rataye mayafi. Ban da haka ma, a zafin watan huɗu, mata talatin ba fanka ba folere, wato zoɓo, mai sanyi, da kansu za su fito su kunna. Na ce a sauya wa amarya ɗaki, aka ce an riga an auna gado da kabad.

Za ki ce me ya hana ni gaya wa Nafisatu. Sau uku ina farawa, sau uku ina ƙarewa da tambayar me aka sa a miya. Ita kaɗai ce mace a 'ya'yan Alhaji. Tun da ya bar aiki ba wanda ya sake neman wani abu a hannunsa, sai zama a ƙofar gida da rediyo. Ta gaya mini kwana goma sha ɗayan nan su ne ta ga Babanta ya dawo mutum, hannunsa duk kanta, yana dariya. Ina son tsohon nan, Inna. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma tsoro nake ji, tsoro na gaske. In na rufe ido Gwaggo Halime nake gani riƙe da ƙusa.

Ta yaya ake gaya wa mutumin da ba ka iya kallon idonsa cewa kyautarsa za ta iya kashe baƙuwa? Ko akwai wata dabarar da za a gyara ba tare da ya sani ba? Ki cece ni.

Naki,
Mai Gadin Bango, Jambutu, Garwa

Amsar Inna Sadiƙa

Wa alaikumus salam, Mai Gadin Bango. Na sha dariya har shayina ya huce, amma ina zuwa kan Gwaggo Halime dariyar ta tsaya, don ni ma 'yar jere ce. Na yi ɗakin amarya ya fi arba'in. Da yatsun hagu muke riƙe ƙusa, takalmanmu suna bakin ƙofa, daɓen kuma yawanci an goge shi da ruwa bai gama bushewa ba. Ba mu taɓa tambayar abin da ke cikin bango ba. Saboda haka ka yi haƙuri, a matsayin mai riƙe da ƙusar zan ba ka amsa.

Wayar nan ba za ta kai ranar jere da wuta a jikinta ba. Wannan ba abin shawara ba ne. Sauran duk maganar yadda za a yi ce.

Na kai wasiƙarka wurin Madam Rosine, ƙawata da ke koyar da aikin lantarki a makarantar sana'a, ta ce Édouard gaskiya ya gaya maka. Ta kuma ba ni albishir ɗaya: ba sai an tono wayar Alhaji ba. A cire ta daga kai da gindi, a tabbatar da na'ura cewa ta mutu, ta ci gaba da kwanciyarta a bango. Sabuwar uwar waya a bi da ita ta inda ƙusa ba ta zuwa, ta bayan gida ko ta can sama jikin silin, kuma duk inda aka binne waya ta miƙe sak, ko a tsaye ko a kwance, daidai da makunni ko wurin jona kaya, yadda mai hankali zai iya cewa ga inda ta bi. A zura ta a gen, ba gumi take yi ba. Amma ta ce in ja kunnenka, bututun roba yana kare waya daga siminti ne, ba ya tare ƙusa, balle injin Gwaggo. Uwar waya in dole ta ratsa ɗaki, sai ta yi zurfin da ya haura santimita biyar, wajen yatsa uku, ko a sa ta a bututun ƙarfe, ko a sayi mai sulken ƙarfe, a haɗa ƙarfen da wayar ƙasa, mai kwashe wutar da ta kufce ta kai cikin ƙasa. A kafa sandar ƙasa in babu. A sa makunnin nan da suke kira diferansiyel, mai lamba talatin, shi ne mai faɗuwa nan take in wuta ta bi ta jikin mutum. Édouard ya bi sauran ɗakunan ma, tunda hannu ɗaya ya yi su. Kafin a shafe komai a ɗauki hoto, a zana hanyar kowace waya a takarda a manna a murfin tablo. Abin da ya shafi kontar da hatiminsa kuma a bi ta ofishin masu wuta, kada kowa ya ɓalle. In ranar jere ta zo ba a gama ba, ka kulle ɗakin a ɗaga jeren. Za a yi fushi, za a huce.

Yanzu kai. Ba zan yi wa kunyarka dariya ba, tarbiyya ce, kuma ita ta sa shekara goma sha huɗu ba a taɓa jin kanku ba. Amma an ce kada ka ci abinci a gaban suruki, kada ka kira sunansa. Ba wanda ya ce ka goge alli. Wata guda kana sane, matarka ba ta sani ba, ita ce kuma mai wuni a gidan. In ka tafi Maga wa ke gadin bangon? Gudumar da ka ɓoye, maƙwabta ba su da tasu ne? Dutsen niƙa ma yana buga ƙusa, ni na sha yi. Ka bar mace da 'ya'yanta a gefen haɗari kana gaya mata yayin Duwala. Wannan kuskure ne, kuma naka ne kai kaɗai.

Alhaji kuma yana da haƙƙi. Ya ba ka gwiwarsa da kafaɗarsa saboda ƙauna, rashin sani ne ya ja shi. Dabarar gyarawa a ɓoye da ka tambaya, babu ita, mutumin da ke shafa bango duk Juma'a zai ji sabon siminti a tafinsa. Kada kuma ka ce masu wuta ne suka fito da sabuwar doka, don na san irinsa, zai sa babbar riga ya tafi ofishinsu neman ba'asi. Abin da ya cancanta shi ne gaskiya, a cikin gida, daga bakin da ya fi so.

Saboda haka yau ɗin nan ka sauke agogon ka nuna wa Nafisatu abin da ke bayansa, ka kira Édouard ya nuna mata hotunan. Za ta yi kuka saboda Babanta, sannan ta juyo kanka saboda ɓoyon, na biyun ya fi zafi, ka sunkuyar da kai ka karɓa. Daga nan ita za ta je wurinsa, ita kaɗai. Abin da ka kasa a wata guda 'ya za ta faɗa kafin a dama fura. Abdussalam ya huta haka nan, ya yi iya ɓarnarsa. A kawo Alhaji ranar da ba baƙo a gidan, a sa masa na'urar a hannu ya bi bangon da kansa ya ji kukanta. Mutum ne da ya yi rayuwa a cikin masu sana'a, zai gane. A zaman nan kuma a janye maganar siton shinkafa.

Sannan ku ba shi abin da ya iya da gaske. Shekara talatin da biyu yana riƙon kayan aiki, ba wanda zai sayar masa da jabun waya. Shi zai zaɓo kaya, shi zai riƙe su, shi zai tsaya a kan aikin, Édouard ya hau tsani. Mutanen waje in sun tambaya, ana sabunta wuta ne saboda sashen amarya, kuma ba ƙarya aka yi ba. Ranar jere Nafisatu ta ja Gwaggo Halime gefe ta nuna mata inda sababbin wayoyi suka bi, a ja da alli a bar shi. Mu 'yan jere muna da taurin kai, amma muna son ranmu.

Ba zan yaudare ka ba, zai ji zafi. Wataƙila Juma'a biyu ko uku ba ku gan shi ba. Amma ka duba abin da shirunka yake faɗa game da shi. Ka yanke masa hukunci ke nan cewa ya fi son sunansa a masallaci a kan ran baƙuwar da ta shigo gidan 'yarsa. Ni ban ga wannan mutumin a wasiƙarka ba. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ya ji cewa wayarsa ce, kuma kai ka sani ka raina shi ka ƙi faɗa, wannan ce kunyar da ba zai tashi daga ita ba.

Abu na ƙarshe. Sauya sunaye da ka yi bai ɓoye kowa ba, duk Garwa Alhaji ɗaya ne ya ja wa surukinsa wuta iya tsayin hannunsa. Shi ya sa na aiko maka da amsar nan kwana uku kafin ta fito a jarida. Kada ka bari ya ji a bakin masallaci.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Nafisatu, ya ƙara wa Alhaji lafiya da girma. Allah ya sa albarka a auren Mahfuzu, matan da suka shiga ɗakin nan da safe da guɗa su fito da yamma da ƙafafunsu, ba a rasa ko ɗaya ba.

Taka,
Inna Sadiƙa